Alaƙar Birtaniya da Yaƙin Basasar Najeriya, 1967 zuwa 1970

Yaƙin basasar Najeriya ya ɓarke ranar 6 ga Yuli, 1967, makonni biyar bayan Laftanar Kanar Chukwuemeka Odumegwu Ojukwu ya ayyana ɓallewar yankin Gabas da sunan Biyafara. An kawo ƙarshensa ranar 15 ga Janairu, 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya a Legas. Cikin ƙasashen waje, Birtaniya ce lamarin ya fi shafa, sai dai kan mutanenta ya rabu gida biyu: gwamnati ta tsaya da gwamnatin tarayya, yayin da 'yan jarida da majami'u da ƙungiyoyin agaji da dama suka karkata ga Biyafara.

Tushen alaƙar

Birtaniya ce ta shata iyakokin ƙasar da aka yi yaƙin domin kare haɗin kanta. Frederick Lugard ya haɗe Arewa da Kudu a 1914, kuma ba a kammala shata iyakar ba sai bayan samun 'yancin kai. Mubi misali ce. Garin da unguwanninsa irin su Lamorde suna hannun Jamusawa har Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga nan Birtaniya ta karɓi riƙon amanar yankin. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ne ya shiga Najeriya ranar 1 ga Yuni, 1961, a matsayin Lardin Sardauna. Shekara shida kacal bayan haka, Gowon ya raba ƙasar zuwa jihohi 12, Mubi ta faɗa Jihar Arewa maso Gabas, kwana uku kafin shelar Ojukwu.

Haka nan rundunar da ta dare biyu renon Birtaniya ce. Baturen Ingila, Manjo Janar Christopher Welby-Everard, shi ke shugabantarta har 1965. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed sun samu horo a kwalejin soja ta Sandhurst, shi kuwa Ojukwu ya karanci tarihi a Jami'ar Oxford kafin ya shiga soja.

Matsayin gwamnatin Wilson

Gwamnatin Firaminista Harold Wilson ta sayar wa Najeriya bindigogi da harsasai da motocin sulke samfurin Saladin da Ferret, amma ta ƙi ba da jiragen yaƙi. Dalilai uku aka fi dangantawa da wannan matsayi. Na farko shi ne man fetur: kamfanin Shell-BP ke haƙo mafi yawan man ƙasar, gwamnatin Birtaniya kuma tana da kusan rabin hannun jarin BP. Na biyu shi ne fargabar Tarayyar Sobiyet, wadda ta cike giɓin da jiragen yaƙi samfurin MiG, ta kuma samu gindin zama a Legas. Na uku shi ne tsoron kada wargajewar Najeriya ta buɗe ƙofar ɓallewa a sauran ƙasashen Afirka. Wilson da kansa ya ziyarci Legas a Maris na 1969. Faransa kuwa ta tallafa wa Biyafara ta hanyar Gabon da Kwaddibuwa.

Muryar jama'a

A Yunin 1968 jaridu da gidajen talbijin na Birtaniya suka fara nuna hotunan yaran da yunwa ta ƙanjame a yankin da aka yi wa ƙawanya. Hotunan sun tayar da hankalin jama'a, majalisar dokoki ta yi ta muhawara kan a dakatar da cinikin makaman, ƙungiyoyi irin su Oxfam da Save the Children kuma suka shiga tara gudummawa.

Frederick Forsyth, wanda ya fara aiko da rahotannin yaƙin a matsayin wakilin BBC, ya bar aikin ya koma Biyafara, ya kuma wallafa littafi mai goyon bayanta a 1969. A watan Nuwamba na shekarar, mawaƙi John Lennon ya mayar wa Sarauniya lambar girmamawa ta MBE, inda ya sanya rawar da ƙasarsa ke takawa a yaƙin cikin dalilansa.

Akwai kuma waɗanda suka sauya ra'ayi. Margery Perham, malamar Oxford da ta rubuta tarihin rayuwar Lugard, ta fara da tausaya wa Biyafara. Bayan ta ziyarci Najeriya a 1968, sai ta yi kira ga Ojukwu ta gidan rediyo da ya ajiye makami domin ceton rayukan mutanensa. A shekarar ce gwamnatin tarayya ta gayyaci tawagar masu sa ido daga Birtaniya da Kanada da Poland da Sweden, tare da wakilan Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Tawagar ta ce ba ta ga shaidar kisan ƙare dangi ba, hukuncin da magoya bayan Biyafara suka yi watsi da shi.

Bayan yaƙi

Ƙiyasin waɗanda suka rasu ya kama daga rabin miliyan zuwa miliyan biyu ko fiye, akasarinsu fararen hula da yunwa ta hallaka. Masu kare manufar Wilson na cewa ta taimaka wajen hana ƙasar tarwatsewa. Masu sukarta na ganin makaman da shirun da aka yi kan ƙawanyar sun sa Birtaniya tana da kaso cikin alhakin waɗannan rayuka.

Dangantakar ƙasashen biyu ta ɗore bayan yaƙin. Gowon ya kai ziyarar aiki Landan a Yunin 1973 bisa gayyatar Sarauniya Elizabeth ta Biyu, kuma da aka hamɓarar da gwamnatinsa a Yulin 1975, Ingila ya nufa, inda ya yi karatu har digirin digirgir a Jami'ar Warwick.