Wuni Guda a Alƙahira, Ina Neman Kabarin Bakatsine



Ba yawon buɗe ido ne ya kai ni Alƙahira ba. Yayana na raka asibiti, kuma duk wanda ya taɓa jinya a ƙasar da ba tasa ba ya san yadda kwanakin ke tafiya, daga masauki sai ɗakin likita, daga ɗakin likita sai kantin magani. Da aka ce mu koma bayan kwana biyu mu karɓi sakamakon gwaji, shi da kansa ya kore ni. "Tashi ka je ka ga gari," in ji shi, "wannan tagumin da ka zuba kana kallona ba zai ƙara mini lafiya ba." To sai na nemi ɗan jagora mai lasisi tare da mota, na wuni ɗaya, ni kaɗai, ba cikin ayarin masu yawo ba. Dalili kuwa shi ne akwai abin da nake son nema wanda na san babu ayarin da zai tsaya dominsa, wato kabarin wani malami Bakatsine da ya rasu a birnin nan a shekarar 1741.

Ɗan jagoran nawa matashi ne, a jami'a ya karanta tarihi da harkar baƙi, ga ladabi ga zaƙin baki. Yana ce mini "Ya Hajj", ni kuma ina ce masa "Ustaz". Tun kafin mota ta tashi na faɗa masa sunan wanda nake nema: Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi. Ya ɗan yi shiru, ya ce gaskiya bai taɓa jin sunan ba, sannan ya miƙo mini takardar jerin wuraren da za mu je ya ce mu fara da abin da na biya kuɗinsa tukuna.

Farko muka hau Ƙal'a, ganuwar nan da Salahuddin al-Ayyubi ya soma ginawa a 1176 a gindin dutsen Muƙaɗɗam, inda sarautar Masar ta zauna kusan shekara 700. Duk motocin baƙi wuri ɗaya suka nufa, masallacin Muhammad Ali mai ƙubbobi irin na Santambul, wanda aka soma a 1830. Ustaz ya kai ni bakin katanga ya nuna mini wani matsattsen lungu da ke gangarawa zuwa ƙofar Bab al-Azab, ya ce a nan ne a 1811 Muhammad Ali ya gama da sarakunan yaƙin Mamluk. Ya gayyace su bikin tura ɗansa Tusun yaƙi a Hijaz, da suka shiga lungun bisa dawaki sai aka datse ƙofa, aka yi musu ruwan harsashi daga sama, ɗaruruwa suka mutu. Ya ƙara da labarin mutum ɗaya da ya tsira ta hanyar dirowa da dokinsa daga kan ganuwa, amma da ya ga na yi murmushi sai ya amsa cewa wannan kam baƙi ake ba wa shi don daɗin hira. Na tambaye shi ina aka samo sauran labarin. Ya ce ai daga al-Jabarti, babban marubucin tarihin Masar na wancan zamani, wanda ya ga zuwan Napoleon a 1798 da idonsa.

Na ce masa, "Ustaz, ai mutumin da nake nema a gidan mahaifin al-Jabartin nan ya rasu, kuma a littafin da ka ambata aka rubuta labarinsa." Daga nan ne ya daina kallona a matsayin alhajin da ya zo da wani suna daga ƙauyensu.

Kafin mu sauka na roƙi mu shiga wani masallaci da ke gefe, wanda ayari ke wucewa ba tare da ko waiwaye ba, na Sarki al-Nasir Muhammad. Wannan sarkin ne ya karɓi Mansa Musa na Mali a Ƙal'ar nan a 1324, a hanyarsa ta hajji. Mansa Musa kam Ustaz ya san shi, don a intanet kowa ya san mutumin da ya raba zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwar Masar, abin da al-Umari ya tarar ana ta maganarsa shekara 12 bayan haka. Na lura da wani abu a nan: in baƙar fata ya zo da zinariya, garin nan na riƙe da sunansa. Wanda ya zo da alƙalami kuwa sai an tona.

A ƙasan Ƙal'a akwai masallacin Sultan Hasan, wanda hotonsa ke jikin takardar fam 100 ta Masar. Mai karatu, na ga gine-gine a rayuwata amma wannan daban yake. Za ka shiga ta wani zaure mai duhu, ka yi ta karkata kamar mai shiga gidan sarauta, kwatsam sai ka faɗa tsakar gida mai haske, ga manyan rumfuna huɗu sun kewaye ka, kowace tsayinta ya isa a ce bene ne mai hawa da yawa. An soma ginin a 1356, aka tanadi makaranta ga kowace mazhaba huɗu, Shafi'iyya da Hanafiyya da Hambaliyya da tamu Malikiyya. Wani ɓangare na kuɗin ginin daga dukiyar mutanen da annobar 1348 ta share ne ba su bar magada ba, gadonsu ya koma baitulmali. Shi kuma mai ginin ya tanadar wa kansa hubbare a bayan alƙibla, yadda duk mai salla zai fuskanci wajen, sai dai a 1361 nasa sarakunan yaƙin suka juya masa baya, aka kashe shi, ba a kuma ga gawarsa ba. Hubbaren na nan, shi ba ya ciki. Masallacin al-Rifa'i da ke kallonsa, inda aka binne Sarki Faruƙ da kuma Shah na Iran a 1980, leƙawa kawai muka yi.

Bari in ɗan yi ratse saboda wanda zai je. Da azahar ta gabato direba ya soma karkata mota zuwa wani kantin turare da takardun zane na zamanin Fir'auna, wai a sha shayi kawai. Kowa ya san akwai la'ada a ciki, kuma ban ga laifinsu sosai ba, abincinsu ke nan. Amma sa'a guda ce za ta tafi a banza. Na ce wa Ustaz in la'adar ce zan ƙara masa a kan kuɗinsa, a bar mini lokacina. Ya yi dariya ya ce wa direba ya miƙe Azhar. Amfanin ɗaukar jagora kai kaɗai ke nan, kana da bakin cewa a'a.

Tarihin Azhar kamar karatun sallah yake a bakinsa. Jauhar al-Siƙilli, kwamandan Faɗimawa, ya kafa birnin a 969, ya soma masallacin a 970, aka yi sallar Juma'a ta farko a 972. Salahuddin ya kawar da daular Faɗimawa ta Shi'a a 1171, aka daina huɗuba a masallacin kusan shekara ɗari, sai zamanin Baibars aka dawo da ita. Ya nuna mini hasumiyar Ƙaitbai da ta al-Guri mai kai biyu. Duk abin da ya nuna, akwai sunan sarki a jikinsa, don sarakuna ke da kuɗin sa a sassaƙa sunansu a dutse, kuma ɗan jagora dutse yake bi. Ni kuma na tambaye shi riwaƙai.

Riwaƙi shi ne sashen kwanan ɗalibai. A da kowace al'umma na da nata a Azhar, da shehinta da wakafin da ke ciyar da ita: na Magaribawa, na mutanen Sham, na Turkawa, na Jabartawa, na Sinnar, na Darfur, sannan ga Riwaƙ al-Burnawiyya na mutanen Barno da maƙwabtansu. Alaƙar ma ta girmi wannan. Al-Maƙrizi ya rubuta cewa tun wajejen 1240 mahajjatan Kanem suka ba da kuɗi aka gina makarantar Ibn Rashiƙ a Fusɗaɗ, ta Malikiyya, inda suke sauka in sun zo. Imam al-Suyuɗi, wanda kowane almajirin ƙasar Hausa ya sani ta Tafsirin Jalalaini, kuma kabarinsa ke birnin nan tun 1505, ya rubuta wasiƙar nasiha ga sarakunan Takrur, ya ambaci Ibrahim Sarkin Katsina da Sarkin Agadas. Har unguwar Bulaƙ al-Dakrur da ke Giza daga kalmar Takruri sunanta ya fito, kalmar nan da muka mayar "Takari". Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardar da Ustaz ya miƙo mini da safe. Ɗalibai baƙi dai sun daɗe da barin riwaƙai, an gina musu Madinatul Bu'us a Abbasiyya tun zamanin Nasar.

To wane ne al-Kashinawi? Bafulatani ne daga ƙasar Katsina, ya yi karatu a gida da ƙasar Barno, ya tafi hajji wajen 1730, ya zauna a Makka da Madina, daga nan ya gangaro Alƙahira. A nan ya sauka a gidan Shaihu Hasan al-Jabarti, babban malamin Hanafiyya kuma masanin falaki da lissafi, wanda shi ma asalin gidansu daga yankin Habasha ne. Shaihu Hasan, duk da girmansa, ya zauna gaban Bakatsinen nan ya ɗauki ilimin wafaƙi. Wafaƙi shi ne abin da malamanmu na zaure ke kira hatimi: gidaje a jere, kowanne da lamba, ko ta ina ka haɗa, tsaye ko kwance ko a karkace, jimilla ɗaya za ta ba ka. Mafi sauƙi shi ne mai gida 9, wanda ke ba da 15 ta kowace fuska. A 1732 al-Kashinawi ya rubuta littafi a kan hanyoyin tsara irin waɗannan gidaje masu adadin mara, kuma saboda shi ne masu rubuta tarihin lissafi a Afirka ke ambatonsa har yau.

Sai dai ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Littafinsa da ya fi yawo, al-Durr al-Manzum, wanda aka buga a Masar, a kan taurari da ɗalasimai yake. Ina jin shi ya sa mutanenmu suka rasa inda za su ajiye shi. 'Yan boko na son su ce masanin lissafi ne tsantsa su yi shiru a kan sauran, wasu malamai kuma da sun ji hatimi sai su ce tsibbu ne su tofar. A ganina duka biyun sun yi masa ƙwange. A zamaninsa lissafi da falaki da ilimin haruffa a tabarma ɗaya ake karanta su, daga Katsina har Azhar, kuma mutum na iya ƙin yarda da ɗalasimansa ba tare da ya musa cewa ɗan ƙasar Hausa ya je cibiyar ilimin duniyar Musulmi ya zama malamin malamanta ba. Da ya rasu a 1741, Shaihu Hasan ne wasiyyinsa a kan littattafansa, shi ya binne shi a Bustan al-Ulama, cikin maƙabartar Mujawirin, ya gina alama a kan kabarin. Ɗansa Abdurrahman, wanda aka haifa fiye da shekara goma bayan rasuwar, shi ya adana mana labarin a Aja'ib al-Asar.

Saboda haka na ce a soke Khan al-Khalili da Bab Zuwaila, mu tafi Mujawirin. Ba ta da nisa, gabas da Azhar take, tsallaken titin Salah Salim. Sunan ma na ɗaliban Azhar ne, maƙwabtan masallaci, waɗanda da yawansu baƙi ne suka mutu nesa da gida. Maƙabartar Alƙahira ba irin tamu ba ce. Gari ne guda, da tituna da gidaje masu ƙofa, kabari a ƙarƙashi, iyali na zaune a sama, ga shanya ga yara na ƙwallo. Tun 2020 hukuma ta rushe sassa na tsofaffin maƙabartun birnin don faɗaɗa hanyoyi, abin da ya jawo ƙorafin masana tarihi, ga shi kuwa tsohuwar Alƙahira na cikin jerin UNESCO tun 1979. Shi ya sa da muka fara tambaya mutane suka ɗan ɗari-ɗari da mu, suna zaton ma'aikatan awo ne.

A nan Ustaz ya biya ni kuɗina. Ya samo wani dattijo cikin masu kula da kaburbura, ya zauna da shi, ya sha shayinsa, ya yi masa bayani da irin Larabcin da ni ba zan iya ba. Dattijon ya san Bustan al-Ulama, ya kai mu. Muka yi ta bin duwatsu ɗaya bayan ɗaya, wasu rubutun ya goge, wasu ƙasa ta haɗiye rabinsu, wasu na bayan ƙofofi masu kwaɗo waɗanda makullansu ke hannun magada. Ustaz, da wandonsa mai guga, ya durƙusa yana share ƙura da hannu yana karanto mini sunaye. Har aka kira la'asar sakaliya ba mu ga sunan da muke nema ba. Dattijon ya ce in dai malami ne kuma baƙo, to yana nan kusa, mu karanta masa Fatiha daga inda muke tsaye. Muka karanta mu uku.

A mota Ustaz ya ciro ɗan littafinsa ya ce in rubuta masa sunan da shekarar, sannan in nuna masa Katsina a taswirar wayarsa. Na nuna masa. Ya daɗe yana jan yatsa daga can zuwa Alƙahira, ta Barno da Wadai da Darfur, ya tambaye ni da ƙafa mutumin ya zo? Na ce da ƙafa da raƙumi.

Na isa masauki bayan magariba na tarar da Yaya zaune a bakin gado ya sha maganinsa. Ya ce, "Yaya dai, ka same shi?" Na ce na sami unguwarsu. Ya ce to in Allah Ya sa sakamakon jibi ya yi kyau, da shi za a koma.