Bandar Kifin Gaya da Binciken Hugo Schiff

Daga bakin kogin Isa a Gaya har kasuwar Yelu, masu banda da dillalan kifi sun daɗe suna musu kan abin da ke sa bandar kifi ta yi ja. Wasu sun ce kunkunniyar hayaƙi ce ke manne mata, wasu kuma sun ce ƙuna ce kawai.

Kakanni sun iya banda tun kafin a san kimiyyarta. Bayanin ya soma fitowa a 1864, a birnin Pisa na Italiya, inda Hugo Schiff, Bajamushe haifaffen Frankfurt a 1834 kuma almajirin Friedrich Wöhler, ya haɗa anilin da sinadaran aldehaid. Ya gano cewa in amin (irin su anilin) ya gamu da kabonil (irin na aldehaid), naitrojin na kama kabon, ruwa ya fita, a samu sabon ɗauri mai ninki biyu tsakaninsu. Wannan shi ne imin, kuma har yau ana kiran irinsa da sunan Schiff.

An kusa shekara ɗari kafin a san yadda abin ke gudana daki-daki. A 1959 William Jencks na Amurka ya nuna mataki biyu ne, kuma aikin ya fi sauri in akwai ɗan tsami. In tsamin ya yi yawa amin ba ya kamawa, in ya yi kaɗan ruwan ba ya fita da wuri.

Littattafan girki sun fi yabon Louis-Camille Maillard na Faransa, wanda a 1912 ya bayyana yadda sukari da furotin ke yin ja a kan wuta. Sai dai da John Hodge ya tsara matakan a 1953, imin ne ya zo a farko. Gaskiya an rage wa Schiff haƙƙinsa.

To, ina kifin Gaya? Hayaƙin itace ɗauke yake da sinadaran kabonil, fatar kifi kuma cike take da amin na furotin. Zafi na busar da ruwa, haɗin ya ci gaba, launi ya fito. Shi ya sa gogaggen mai banda ke barin kifi ya tsane kafin ya ɗora shi.

Masu cewa hayaƙi ne sun fi kusa da gaskiya, amma ba kunkunniya ce ke rina kifin ba. Kifin da kunkunniya ta kama baƙi yake yi, kuma ba ya daraja a kasuwa.