Yadda Takarda Ta Zama "Mutum" a Dokar Bindiga ta Amurka

Ƴan uwa ɗalibai, a wannan karon ina son in ba ku tarihin wata kalma guda da ta yi shekara fiye da 80 tana aiki cikin dokar bindiga ta Amurka. Kalmar kuwa ita ce "mutum".

Mu fara daga tushe. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sayar da giya a Amurka, ƴan fasa-ƙwauri suka yi kuɗi, suka sayi bindigogi masu aman harsashi irin Thompson. Ranar 14 ga Fabrairu 1929 aka jera mutum bakwai a jikin bangon wani gareji a Shikago, aka harbe su. Mutane suka ce abin ya isa haka nan. Amma gwamnatin Roosevelt tana tsoron kotu ta ce ba ta da ikon hana bindiga kai tsaye, sai ta bi ta hanyar haraji. A 1934 aka kafa dokar da ta ɗora dala 200 a kan duk wata bindiga mai aman harsashi, ko mai gajeren baki, ko na'urar rage ƙarar harbi, a duk lokacin da ta sauya hannu, kuma dole a yi mata rajista. Dala 200 a lokacin kusan kuɗin Thompson ɗin ne ita kanta, na'urar rage ƙara kuwa daloli kaɗan ake sayar da ita. A 1937 kotun ƙoli ta ce ai haraji ne, ya halatta.

To, ga inda ni mai karatun harshe na tsaya. Dokar ta yi wa "mutum" fassara, ta ce ya haɗa da kamfani da ƙungiya. Babbar dokar harajin ƙasar kuma ta saka "amana" cikin jerin. Amana a nan wata yarjejeniya ce a rubuce: wani ya ware dukiya, ya danƙa ta ga amintattu, su riƙe ta don amfanin waɗanda ya ambata. Wanda ya san wakafi zai gane kamannin. Mu ma a Nijar masu karatun shari'a sun san irin wannan mutum na takarda, da Faransanci ake ce masa personne morale.

Sai dai ƙa'idojin aiki da dokar an tsara su ne da ɗan Adam a zuciya. Wanda ke son irin wannan makami zai kawo hoto, ya dangwala yatsu, kuma shugaban ƴan sandan yankinsa ya sa masa hannu. Shugabanni da yawa ƙin sa hannu suke, ba wanda zai tilasta su. Kun ga kuwa amana ba ta da fuska balle hoto, ba ta da yatsa balle dangwale. Don haka ba a neman ko ɗaya daga gare ta, har sa hannun ma. Lauyoyi suka gano ƙofar, suka shiga rubuta wa mutane amanar bindiga. Akwai kuma wani amfanin: duk amintattun da ke cikin takardar suna iya riƙe makamin bisa doka, in mai shi ya mutu kuma iyalinsa ba su shiga ruɗani wajen gado.

Hukumar ATF mai kula da rajistar ta ce a 2000 takardun neman izini kusan 840 ta samu daga amana da kamfanoni. A 2012 sun kai wajen 40,700. Wasu suka ce wannan ɓaraka ce da mugu zai iya bi. Masu bindiga suka ce a'a, ɗan sanda ɗaya ne ke tauye musu abin da doka ta ba su, su kuma suka nemi hanya. Kowa da hujjarsa.

A Janairu 2016, zamanin Obama, aka fitar da ƙa'ida mai lamba 41F, ta fara aiki ranar 13 ga Yuli. Daga nan duk mai iko a cikin amana ko kamfani sai ya kawo hoto da dangwale, a bincike shi. Sa hannun shugaban ƴan sanda kuma aka soke wa kowa, sanar da shi kawai ake yi. Wato an leƙa bayan takardar an nemo masu jini a jika. A 2025 ma majalisa ta mayar da harajin na'urar rage ƙara da bindiga mai gajeren baki sifili daga farkon 2026, amma ta bar rajista.

Me ya dame mu da wannan? A Maris 2025 ƙasarmu ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. In har za a rubuta dokoki da ita, wasunmu ne za su zauna kan teburin fassara. Ranar da muka iske "mutum" a cikin doka, me za mu rubuta? In muka bar shi haka, Bahaushe zai ɗauka mai rai ake nufi, don a bakinsa mutum shi ne mai mutunci, mai kunya, wanda ake kai ƙara wurin iyayensa. Ni dai a ganina gara mu ƙirƙiro wa na takardar sunansa daban tun yanzu, kuma duk inda doka ta ba shi dama mu tambaya wane ne zai dangwala yatsa a madadinsa.