Legas da Gonakin da Birni Ya Haɗiye

Baƙon da ya sauka Legas, abin da ke fara cika masa ido shi ne ruwa da gadoji da cunkoson motoci. Da wuya ya kawo a ransa cewa da yawa daga unguwannin da yake ratsawa gonaki ne a da. Tarihin baka na Awori, waɗanda suka fara zama a wurin, ya nuna cewa a tsibirin Ikko kansa gonar barkono wani mai suna Aromire ya fara yi, tun kafin Turawan Fotugal su mai da gaɓar kasuwar bayi, kafin kuma Ingila ta karɓe garin a 1861.

Inda wannan asali ya fi fitowa fili shi ne Agege. A farkon ƙarni na 20, wasu attajiran Legas, irin su J. K. Coker, suka koma can suka kafa manyan gonakin koko, suka kuma haɗa ƙungiyar manoma a 1907. Bayan koko sai goro ya samu karɓuwa. A da, fatake sai sun yi watanni a hanyar Gwanja kafin su kawo goro ƙasar Hausa. Da layin dogo ya haɗa Legas da Kano a 1912, sai ga gonar goro a bakin tasha. Wannan na cikin abin da ya jawo Hausawa suka yi zango a Agege, zangon da ya zama gari, har da sarkinsa. Saboda haka zaman Hausawa a can ba na jiya ba ne, kuma noma ne silarsa.

Layin dogon da ya raya gonakin shi ne kuma ya kawo ƙarshensu. Masana'antu suka cika Ikeja da ke kan layin, ta zama babban birnin jiha a 1976, fili ya yi tsada, mai gona ya ga yanka fuloti ya fi jiran kaka riba. Ko da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, kwararar jama'a ba ta tsaya ba.

Yau jihar da ta fi kowace ƙarancin faɗin ƙasa a Najeriya tana cin abin da aka noma a nesa. Tumatir da albasa da tattasai na sauka kasuwar Mile 12 daga Arewa, shanu kuma su nufi mayankar Oko-Oba. Yarjejeniyar shinkafa da Jihar Kebbi a 2016 da masana'antar casar shinkafa ta Imota duk amsa ce ga wannan dogaro.

A ganina, abin damuwa yana gabas. Tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar man Ɗangote, waɗanda aka ƙaddamar a 2023, suna jan gine-gine zuwa Ibeju da Epe, inda har yanzu ake noman rogo ana kamun kifi. Manoman can na fuskantar matsin da na Agege suka sha, sai dai nasu ya fi sauri, kuma babu wata gona a gaba da za su koma.