Almajirin Katsina a Birnin Alƙahira

A garuruwan da ke gabas da Birnin Kano, kamar su Gaya da Kademi da Ajingi, in aka ce wane ya tafi gabas ba a bukatar ƙarin bayani. An san karatu ya tafi nema wajen Barno, an kuwa san ba bana zai komo ba. Uwa ta kan ɗaura masa ɗan guzuri, uba ya damƙa shi hannun malami, daga nan sai abin da Allah ya yi. Amma gabas ba ta ƙare a Barno ba. Tun zamanin da, akwai waɗanda in sun sauke a can sai su zarce, ko su bi ta Fazzan su keta hamada, ko su bi ta Bagarmi da Wadai da Darfur, su kama hanyar nan da Larabawa ke kira ta kwana arba'in, wadda ta ɓulla Asyut a bakin Kogin Nilu. Maƙurar tafiyar ita ce Makka, amma masu ƙishirwar ilmi da yawa Alƙahira su ke yada zango, gun Masallacin Azhar, wanda aka gama gininsa a shekarar 972.

Wahalar hanya sananniya ce. Wadda ba a cika faɗi ba ita ce ta bayan isowa. Almajiri ya iso birnin da bai san kowa ba, cikin hunturun da ya fi na gida tsanani, ga shi guzuri ya ƙare. Ya karanta Risala, watakila ma ya taɓa Muhtasar na Halilu, wanda mawallafinsa mutumin Masar ɗin nan ne, amma da ya shiga kasuwa sai ya tarar Larabcin littafi dabam, na masu sayar da albasa dabam. Mutanen gari kuma ba su rarrabe Bahaushe da Babarbare da Bafillace, duk Takruri su ke ce musu. Har yanzu akwai unguwa a ƙetaren kogi da a ke kira Bulak Dakrur, sunan kuwa daga Takrur ya samo asali. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da idonsa, to, makaho kuwa sai da ɗan jagora.

Sarakunan Kanem su suka fara lura da wannan. Makrizi, masanin tarihin Masar, ya rubuta cewa tsakanin 1242 da 1252 waɗansu alhazai na Kanem suka ba wani alƙali mai suna Ibn Rashik dukiya, ya gina makaranta ta mazhabar Malikiyya a Fustat, watau tsohon garin da ke kudu da Alƙahira, ya kuma zauna yana koyarwa a cikinta. Zamanin Mai Dunama Dabalemi ke nan. Makarantar ta zama masaukin mutanen ƙasarsu, kuma daga Kanem a kan aiko da kuɗin riƙonta. Abin lura a nan shi ne, ba malami suka rasa ba, gama malamai sun yi yawa a Masar. Abin da suka saya da dukiyarsu shi ne wurin da ɗan ƙasarsu zai ajiye buzunsa, ya ji ana magana da harshen uwarsa.

A Azhar kanta haka aka tsara zaman baƙi. An rarraba gefunan masallacin kashi kashi, ko wane kashi ana ce da shi riwaƙi, kuma galibi da sunan ƙasa a ke kiransa. Akwai na Magaribawa, da na mutanen Sham, da na Turkawa, da na Jawa, da na Jabarti, watau Musulmin Habasha da gaɓar Somaliya, da na Sinnar, da na Darfur, har da na Barnawa. Ko wane riwaƙi da shehinsa, wanda ke rubuta sunan sabon zuwa, ya raba gardama, ya tsaya wa yaransa gaban hukuma. Ko wane ɗalibi a kan ba shi ɗan akwatin katako na ajiye littattafai da tufafi, da rabon gurasa na kullum daga dukiyar waƙafi da masu hali suka bari. Da safe ya tafi gindin ginshiƙin da malaminsa ke zama ya ɗauki karatu, da dare ya shimfiɗa tabarma cikin 'yan'uwansa. Waɗannan ɗalibai mujawirai a ke ce musu, ma'ana maƙwabtan masallaci. An daɗe bisa wannan tsari, sai a 1959 aka buɗe wata unguwa ta musamman, Madinatul Bu'us, aka mai da kwanan ɗaliban ƙasashen waje can.

Tsari ne mai kyau, ba shakka ya tsare rayuka da yawa daga yunwa da kaɗaici. Amma yana da nasa aibi. Wanda ya ci da 'yan garinsu, ya kwana da su, ya yi hira da su kaɗai, ya kan shekara goma a Masar ya komo bai san Masar ba. Riwaƙan kuma ba ɗaya su ke ba: na Turkawa da na Magaribawa waƙafinsu mai kauri ne, da taskokin littattafai, na baƙar fata kuwa ƙanana ne, rabonsu kaɗan. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba faɗa ya tashi tsakanin wannan ɗaki da wancan a kan gurasa ko a kan shugabanci. Saboda haka wanda ya ke son ya wuce matsayin mai karɓar rabo, tilas ya sami aboki a waje. Labarin mutumin da ya yi haka ya wanzu, domin abokin da ya samu ya haifi ɗa marubuci.

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace, Larabawa suna ce masa Alkashnawi, watau Bakatsine. A cikin nasabarsa har da Ɗan Ranko, wani gari na malamai a ƙasar Katsina. Ya tashi a lokacin da Katsina ke tashen ciniki da karatu, bayan zamanin Ɗan Marina da Ɗan Masani, tun ba a yi jihadi ba. Ya yi karatu gun malamai da dama, cikinsu akwai Malam Muhammadu Alwali na Bagarmi, da Malam Muhammadu Bindu, wanda ya lizimta har ya ƙware a ilmin hisabi da taurari da hatimi. Wajen 1730 ya nufi aikin hajji, ya zauna Hijaz ɗan lokaci, sa'an nan ya gangaro Alƙahira.

Ya kamata a ɗan tsaya a kan hatimi, gama shi ne ya buɗe masa ƙofa. Ko wane almajiri ya san ɗan hatimin nan mai gida tara, wanda a ke zuba lambobi daga 1 zuwa 9 a cikinsa, ta ko'ina aka haɗa, a tsaye ko a kwance ko a karkace, sai a sami 15. In gidajen 25 ne, biyar biyar, jimlar ko wane layi 65 ce. Masu tsibbu suna da abin da su ke nufi da shi, malamai kuma sun yi saɓani a kan halaccin wannan. Amma zuba lambobin kansa lissafi ne tsantsa, kuma Alkashnawi ya san ƙa'idodin da a ke bi a cika irin waɗannan gidaje in adadin layinsu mara ne, kome yawansu. A 1732 ya rubuta littafi a kan haka mai suna Bahjatul Afak. Ba da jimawa ba ya kammala wani babba a Alƙahira, Addurrul Manzum, a kan taurari da ɗalasimai. Yana da wani a kan manɗiƙi, wani kuma a kan nahawu.

A birnin akwai wani malami, Shehu Hasan Aljabarti, wanda aka haifa a 1698. Kakan kakanninsa ya zo ne daga wajen Zaila a ƙarni na 16, baƙo ɗan neman ilmi, ya sauka a riwaƙin Jabarti har ya zama shehinsa, shugabancin kuma ya zauna a gidansu, ɗa ya gaji uba. Kafin zamanin Hasan sun riga sun zama 'yan gari, masu dukiya da gidaje, ɗaya kusa da Azhar, ɗaya a Bulak bakin kogi. Shi Hasan masanin fiƙihun Hanafiyya ne, amma abin da ya fi so shi ne lissafi da ilmin falaki, har da hannunsa ya kan zana agogon rana a kan dutse domin masallatai su san lokacin salla. Gidansa ba ya rabuwa da ɗalibai, littattafansa kuwa ya kan ba da aronsu ba tare da ƙyashi ba.

Nan Bakatsine ya sami wurin zama. In an duba, abin da ya raba su ya fi abin da ya gama su yawa: wannan Bamalike, wancan Bahanafe, wannan baƙo mai 'yan littattafai a gafaka, wancan mai gida da bayi da dawaki, harshen uwa ma ba ɗaya ba. Abin da ya haɗa su lambobi ne. Kuma ba zaman cin arziki Alkashnawi ya yi ba, gama mai gidan ne ya durƙusa gabansa ya ɗauki ilmin hatimi. Wannan ya sa abutarsu ta yi ƙarko, don kowa yana da abin da zai miƙa wa ɗan'uwansa. Mai yiwuwa ne kuma Hasan, da ya ke shehin ɗakin baƙi ne, jikan baƙi, ya fi sauran manyan gari sanin abin da ke cikin zuciyar mutumin da ya yi nisa da gida.

Alkashnawi bai sake ganin Katsina ba. A shekarar 1741, watau 1154 ta Hijira, ajali ya same shi a cikin gidan Aljabarti. Abin da matafiyi ya fi tsoro ke nan tun ran da ya bar ƙofar gari: ya mutu inda ba wanda ya san sunan ubansa, a rufe shi a manta, littattafansa su watse a hannun dillalai. Kafin ya cika ya yi wasiyya, ya sa Hasan ya zama mai kula da abin da ya bari da littattafansa. Hasan ya yi masa sutura, ya kai shi makabartar mujawirai, inda a ke rufe malaman Azhar da ɗalibansu, ya gina alama a kan kabarin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Bayan shekara goma sha biyu ko sha uku aka haifa wa Hasan ɗa, aka sa masa Abdurrahman. Yaron bai taɓa ganin baƙon ba, sai dai ya tashi cikin ɗakin littattafan ubansa, ya ji labarinsa a gida. Shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar na zamaninsa, wanda ya ga shigowar sojan Faransa a 1798 da idonsa ya rubuta. A cikin littafinsa, Aja'ibul Asar, wanda aka buga a Bulak wajen 1880, ya jera manyan mutanen da suka rasu a ƙarnin, sarakuna da shehunan Azhar, ya sa Bakatsine a cikinsu, ya ambaci malamansa na ƙasar Sudan ɗaya ɗaya da sunayensu, da littattafan da ya wallafa, da gidan da ya rasu. Yawancin abin da aka sani game da rayuwar Alkashnawi daga wannan shafi ya fito. Addurrul Manzum an buga shi a Alƙahira daga baya, kofe ɗaya kuma na littafinsa na hatimi, rubutun hannu, yana ajiye a Makarantar Nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar London.