Daga Ɗakin Gwaji zuwa Masana'anta: Matsalar Ƙarfe a Tarihin Takin Zamani

Tsakure

Maƙalar ta nazarci shekarun 1909 zuwa 1913, lokacin da aka mayar da gwajin Fritz Haber masana'antar amoniya a Jamus. Hujjarta ita ce, an fi ambaton masanin kimiyyar, alhali ƙullin da ya fi wuyar kwancewa a hannun injiniya ya kwance.

Gabatarwa

Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma yawancin tsirrai ba sa iya amfana da ita kai tsaye. A ƙarshen ƙarni na 19 noman Turai ya dogara da takin gishirin naitiret da ake haƙowa a hamadar Atakama ta ƙasar Chile. A 1898 masanin kimiyya William Crookes ya yi gargaɗi a Bristol cewa alkama za ta gaza ciyar da masu cin ta muddin ba a samo hanyar kamo naitirojin daga iska ba.

Gwajin Karlsruhe da Abin da Ya Biyo Baya

A Yulin 1909, a Karlsruhe, Haber ya nuna wa kamfanin BASF wata 'yar na'ura da ke haɗa naitirojin da haidirojin, amoniya na ɗigowa. Sai dai na'urar ba ta wuce ta ɗora a tebur ba, kuma osmiyam da ke gaggauta haɗuwarsu ƙarfe ne mai wuyar samu. Alwin Mittasch na BASF ya yi dubban gwaje-gwaje har ya maye gurbinsa da baƙin ƙarfe mai ɗan gauraye.

Babbar matsalar ita ce tukunyar da ake haɗa iskokin a ciki. Aikin yana buƙatar matsi kusan ninki 200 na iskar sarari da zafin da ya kai digiri 500, kuma tukwanen farko da injiniyan BASF Carl Bosch ya ƙera duk sun tsage. Da ya yanka su ya duba, sai ya gano cewa haidirojin na kutsawa cikin ƙarfen tana cinye kabon ɗin da ke ba shi tauri, har ya yi gautsi. Dabararsa abar jinjinawa ce: ya daina neman ƙarfen da zai tare haidirojin, ya yi tukunya mai bango biyu. Na ciki ƙarfe ne mai laushi, maras kabon sosai, na waje kuwa mai tauri ne da ke ɗaukar matsin, an huda masa ƙananan ramuka domin iskar da ta ratso ta fice ba tare da ɓarna ba.

Masana'antar BASF ta Oppau ta fara aiki a 1913, kuma daga wannan hanya ce amoniyar da ake yin buhun yuriya da ita take fitowa har yau. Ba za a ɓoye ba cewa farkon amfanin amoniyar mai yawa a yaƙi ne, domin da Birtaniya ta datse wa Jamus hanyar Chile, da ita aka riƙa haɗa abubuwan fashewa. Haber ya sami kyautar Nobel ta 1918. Bosch kuwa sai a 1931 ya karɓi tasa, tare da Friedrich Bergius, bayan shekara 13.