DAGA GUSAU ZUWA MAI WURNO: IYALI DA BUKUKUWA A ƘASAR HIJIRA



Gabatarwa

Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da wannan lacca za ta yi shi ne ta ɗora wannan karin magana a bisa ma'aunin tarihi, ta hanyar bin sawun waɗansu mutanenmu da suka bar ƙasar nan a shekarar 1903 suka zauna a Sudan. Tambayar ita ce: idan jama'a suka bar gonakinsu da kushewun kakanninsu, wane abu ne ke bin su, wane ne ke narkewa cikin al'adun masu masauki, kuma wane ne ke jawo musu fitina?

Ƙasar da aka baro

Ya kamata mu fara tuna cewa Gusau da Tsafe da Bunguɗu su kansu ƙaura ce ta haife su ko ta raya su. 'Yandoto, wadda ke tsakanin Gusau da Tsafe, tsohuwar cibiyar malamai ce, kuma bayan da Muhammadu Bello ya ci ta a farkon jihadi mutanenta suka warwatsu. Gusau kuwa Malam Sambo ɗan Ashafa ne ya kafa ta. Har yau sarautun nan na ɗauke da labarin a bakinsu: Sarkin Katsinan Gusau, 'Yandoton Tsafe, Sarkin Fulanin Bunguɗu. Kowane laƙabi yana nuna wani wuri ko wata jama'a da aka fito daga cikinta. Wato ke nan mutanen wannan yanki sun san ɗaukar suna a kai, a tafi da shi sabon mazauni, tun kafin Turawa su zo.

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Manyan daula suka rabu biyu. Waziri Buhari da waɗansu suka zauna, bisa hujjar cewa kada a bar talakawa ba jagora. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya kuwa ya zaɓi hijira, ya nufi gabas, ya yada zango a Gusau. Daga nan ayarinsa ya ci gaba yana ƙaruwa, manoma da malamai da mata da yara suna barin garuruwansu suna binsa, har abin ya tayar wa Turawa hankali. Dalili kuwa shi ne, tun zamanin Shehu akwai zancen cewa a ƙarshen zamani jama'a za su yi ƙaura zuwa gabas, wajen kogin Nilu da Makka. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Attahiru a Burmi, cikin Jihar Gwambe ta yau. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, shi ya ja ragowar jama'a suka ƙetare ƙasar Chadi, kuma a 1906 suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar. Sunansa garin ya ɗauka: Mai Wurno. Fulani ne suka fi yawa a cikinsa, tare da Hausawa.

Bayan waɗannan sai wani kwararo ya biyo baya, na maniyyata masu tafiya hajji a ƙasa, waɗanda kan yi shekaru a hanya suna ƙwadago suna tara guzuri. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin ya samu, da yawa suka zauna. Mutanen Sudan suka haɗa su duka, Bahaushe da Bafillace da Babarbare, suka kira su Fallata ko Takari.

Gida da iyali

Wani masani ɗan ƙasar Gana, Bawa Yamba, ya zauna cikin ƙauyukan Hausawa na Jazira, ya fitar da littafi a 1995. Babban abin da ya gano shi ne, jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka zo, waɗanda a can aka haife su, suna ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka, zaman da suke yi zango ne kawai. Wannan tunani ya shafi yadda suke gini, da yadda suke tara dukiya, da wanda suke ba 'ya'yansu mata.

Mai zaman zango ba ya son ya ba da 'yarsa ga wanda ba zai tashi tare da ayari ba. Saboda haka aure ya fi yawa a tsakaninsu, kuma da yake aure a cikin gida ake yinsa, harshe ya samu mafaka. Namiji yana fita gona ko kasuwa, dole ya koyi Larabci. Mace kuwa tana cikin gida, tana sana'arta, yara na kai mata talla, ita ke yi wa jariri tawai, ita ke yi wa yara tatsuniya, duk da Hausa. Idan aka tambaye ni wa ya riƙe Hausa a Sudan fiye da shekara ɗari, zan ce tsofaffin mata ne da malaman allo. Amma fa harshen bai zauna yadda ya je ba. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, ya nuna a littafinsa na 1999 yadda Larabci ya shiga Hausar Sudan, a kalmomi har da ginin jimla, musamman a bakin matasan birane.

Bukukuwa iri uku

A nawa nazarin, bukukuwan Bahaushe sun kasu kashi uku, kuma kowane kashi da irin makomarsa a ƙasar baƙunci.

Kashi na farko shi ne bukukuwan gida: suna, da aure, da saukar karatu, da sadakar mamaci. Waɗannan ba su bukatar izinin kowa. Ranar bakwai ta zagayo, a samu malami ya raɗa suna, wanzami ya yi aski, a yanka rago idan da hali, shi ke nan an yi. Irin waɗannan su suka fi jure wa ƙaura. A nan ya kamata ɗalibai su lura da ma'ana ta biyu ta kalmar biki. A wurin mata, biki shi ne gudummawar da ƙawa ke kawo wa ƙawa ranar sha'aninta, wadda za a mayar mata da ƙari ranar nata. Ga mutumin da ba shi da gonar gado, ba shi da dangi kusa, wannan al'ada ita ce asusunsa, ita ce kuma rajistar da ke nuna wane ne nasa. Wanda ya daina zuwa biki ya fita daga cikin jama'a, ko da gidansa na tsakiyar unguwa. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, a ƙasar baƙunci kuwa ba ta da wata ƙafa sai wannan.

Kashi na biyu shi ne bukukuwan addini: Ƙaramar Salla, da Babbar Salla, da Mauludi. A nan baƙo da ɗan gari suke haɗuwa, domin mazhabarsu ɗaya ce, ta Imamu Malik, kuma ɗarikun sufaye, musamman Tijjaniyya, sun haɗa su a zawiya guda. A biranen Sudan akan kafa rumfunan ɗariku a fili tun daga farkon watan Rabi'ul Awwal har zuwa sha biyu ga wata, ana zikiri ana sayar da alewa. Ta irin wannan cuɗanya al'adu suka yi musaya. Matan Hausawa suka ɗauki lulluɓin matan Sudan, su kuma mutanen Sudan suka ɗauki tsirenmu mai ƙuli-ƙuli, wanda har yau suke kira agashe, kalmar da duk Bahaushe ya ji ya san tasa ce. Har ila yau, A'isha Fallatiyya, wadda ta rasu a 1974, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi waƙa a gidan rediyon Umdurman, daga cikin wannan jama'a ta fito, kuma ta yi waƙa da Larabci da Hausa.

Kashi na uku shi ne bukukuwan sarauta: naɗi, da hawan salla, da jafi. Waɗannan ba su yiwuwa sai da sarki, sarki kuwa ba ya yiwuwa sai da ƙasa. Mai Wurno ta samu wannan gata, domin hukumar Turawa ta amince da sarautarta, zuriyarsa kuma suka gaje shi. Haka a Kumasi ta ƙasar Gana, Sarkin Zango yana zaune ne da amincewar Sarkin Asante. Amma inda masu ƙasa ba su yarda ba, rawani kan zama abin faɗa. A watan Yuli 2022, neman da Hausawa suka yi na a ba su sarautar gargajiya a jihar Shuɗin Nilu ya zama sanadin rikici tsakaninsu da waɗansu ƙabilun yankin, aka kashe mutane fiye da ɗari, dubbai suka bar gidajensu, kuma rikicin ya sake tashi a watan Oktoba na shekarar. Masu ƙasa sun fahimci cewa wanda aka naɗa wa rawani gobe zai yi maganar gona.

Tushen wannan matsala tsoho ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta ɗora hujja a kan zaman kakanni a ƙasar tun kafin 1898, mutanen Attahiru kuwa bayan haka suka iso. Haka nan a Gana, a watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen da aka haifa a zango suka kwaso kaya zuwa garuruwan da ba su taɓa gani ba. Sa'an nan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu 2023 ya kai har Jazira da Sinnar, ya sake tayar da jikokin masu hijira.

Kammalawa

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Ta'addancin 'yan bindiga ya tayar da ƙauyuka da yawa a ƙasashen Tsafe da Bunguɗu da kewayen Gusau, kuma a 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina sun ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi. Ga ma'aikatan da ke kula da irin waɗannan bayin Allah, tarihin Mai Wurno na da darasi uku. Na ɗaya, kada a raba mutanen ƙauye guda a wurin tsugunarwa, domin raba su rushe asusun bikinsu ne. Na biyu, a ɗauki malamin allo da ungozoma da wanzami a matsayin ma'aikata, a ba su wuri da abin aiki. Na uku, a warware maganar gona da shugabanci da takardar shaida tun da wuri, tare da masu masauki, domin abin da kakanni suka bari a dunƙule jikoki ne ke biyan sa da jini.

Ga ɗalibai kuwa, akwai aiki a gabanku. A gidaje da yawa na wannan yanki akwai labarin wani kaka da ya tafi gabas bai dawo ba. Ku je wurin tsofaffi ku rubuta sunayen, da garin da aka tashi, da inda aka ji labarinsu na ƙarshe, tun masu labarin suna raye.

To, ashe karin maganar da muka fara da ita rabin gaskiya ta faɗa. Gona da kushewa suna barin wanda ya bar su, amma suna da aure da zumunci suna bin mai su duk inda ya sa ƙafa.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa.